Daga Boston zuwa Kinderhook, a kan sawun OK

Ba a kai baƙo Kinderhook. In mutum ya je Amurka ziyara, 'yan'uwa New York suke kai shi ya ga dogayen benaye, ko Washington ya tsaya a bakin shingen fadar shugaban ƙasa a ɗauke shi hoto. Kinderhook kuwa ƙauye ne na mutum dubu ɗaya da 'yan kai, gabas da kogin Hudson, cikin gonakin tuffa. Shi ya sa da na ce wa ɗan ƙanwata can nake so ya kai ni, sai ya ajiye cokali ya ce, "Kawu, me ka ajiye a can?"

Turanci na koyar a makarantun sakandare har na yi ritaya, kuma babu kalmar da na fi ja wa jan biro a wasiƙun ɗalibai irin OK. Ba ta dace da wasiƙar neman aiki ba, har gobe ina kan wannan ra'ayi. Amma a duk shekarun nan ina mamakin yadda kalmar da ba mu koya wa kowa ba ta fi waɗanda muke koyarwa zama a baki. Kwandasta ya san ta, mai shayi ya san ta, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana ce wa jikanta "oke" a waya. Na daɗe da karanta cewa a Boston aka fara buga ta a jarida, kuma saboda wani shugaban ƙasa ɗan Kinderhook ta yaɗu. Tunda Allah ya kawo ni Boston, wajen yaron nan da yake aikin jinya a wani asibiti, sai na ƙudura ba zan koma gida ba sai na taka wuraren nan biyu.

Kafin ma mu je ko'ina, a falon gidansu na fara karatun.

Suna da maƙwabciya, wata dattijuwar Baturiya da take leƙowa ta gaisa da yara. Ta shigo muna cin abinci, matar ɗana ta yi mata tayi, ta ɗaga hannu tana murmushi ta ce, "I'm okay, thanks." Sai na ga yarinyar nan ta mayar da farantin ba tare da ta ƙara cewa komai ba. Bayan baƙuwa ta fita na ce, "'Yata, tayi ɗaya kawai? Ai ta ce oke." Ta ce, "Kawu, a'a ta ce. A nan in an miƙa wa mutum abu ya ce shi oke ne, nufinsa yadda yake ɗin ya ishe shi, ba ya bukatar ƙari. In na matsa mata sai ta ga kamar ban ji maganarta ba." A wajenmu ƙin farko kunya ce, kuma mai gidan da ya janye akushi daga tayi ɗaya za a ce marowaci ne. A can kuwa girmama baƙo shi ne ka karɓi maganarsa yadda ya faɗe ta.

Wata ranar dattijuwar ta ɗanɗana kunun gyaɗa, ta riƙe ƙirji tana yabo da manyan kalmomi. Matar ɗana ta raɗa mini cewa yanzu ne ya yi mata daɗi. Da ta ce "it's okay", to ba ya da laifi ne kawai, kuma ba za ta sake nema ba. Wannan shi ne abin da na fi so ɗalibaina su gane da ina da sauran aji: kalmar nan ba yabo ba ce. Tsaka-tsaki take. Ta ce abu ya wuce, ya karɓu, ba a samu aibu ba, daga nan ta yi shiru. Ba'amurke da ya yi aiki ya kai wa shugabansa, shugaban ya duba ya ce oke ne, ba zai koma gida yana murna ba. Mu kuwa a Najeriya mukan ce kaya "very okay" ne muna nufin ya yi kyau matuƙa, abin da kunnensu bai saba ji ba.

Sauran darussan daga bakin yara na same su. Uwar takan ce wa ƙaramar, wadda nake kira amaryata, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta rufe maganar da "okay?" cikin muryar tambaya, alhali babu tambaya a ciki, umarni ne aka lulluɓe. Ita kuma ta ja wasalin ƙarshe ya yi tsawo, wanda ke nuna za ta yi amma ranta bai so ba. Yayanta in an dame shi da maimaici sai ya jero ta sau biyu da sauri, ma'ana na ji, a ƙyale ni. Ran Juma'a muka je babban masallacin unguwar Roxbury, wanda aka buɗe a 2009, inda Somaliyawa da Larabawa da 'yan Afirka ta Yamma da baƙaƙen fatar Amurka suke haɗuwa a sahu. Bayan sallama mai sanarwa ya karɓi lasifika, da "okay" ya buɗe magana don jama'a su nutsu, da ita kuma ya rufe. Haruffan ba su canza ba. Murya ce take ɗauke da ma'anar, kuma wanda ya san kalmar a takarda kaɗai rabinta ya sani.

Babban laburaren birnin yana dandalin Copley. An kammala tsohon ginin a 1895, kuma a saman ƙofarsa an sassaƙa cewa kyauta ne ga kowa. Haka na same shi, babu wanda ya tambaye ni takarda. Na ratsa babban zauren karatu mai dogayen tebura da korayen fitilu, na gaya wa wata ma'aikaciya abin da nake nema. Ba ta yi mamaki ba. Ta zaunar da ni gaban kwamfuta, ta lalubo mini jaridar Boston Morning Post ta ranar Asabar 23 ga Maris, 1839, shafi na biyu.

Sai da na ƙara girman rubutun kafin na gan ta, don rubutun jaridun zamanin ƙanana ne kuma a cunkushe. Ƙananan haruffa ne, o da k, kowanne da ɗigo, a tsakiyar wata doguwar jimla, kuma nan take marubucin ya bi su da fassara, "all correct", wato komai daidai. Wannan fassarar ita ce shaidar cewa abin sabo ne, masu karatu ba su san shi ba tukuna. Labarin da take ciki ma na barkwanci ne. A 1838 wasu mutanen Boston sun kafa ƙungiyar raha a kan wata dokar gari da ta shafi kaɗa ƙararrawar kiran cin abinci, 'yan ƙungiyar suka yi tafiya zuwa New York, shi ne jaridar take tsokanar editan wata jarida ta birnin Providence a kan tafiyar. Editan Post a lokacin, Charles Gordon Greene, wanda da shi aka kafa jaridar a 1831, shi ake kyautata zaton ya rubuta.

To me ya haɗa o da k da kalmomin da suke farawa da a da c? Yayi ne. Daga 1838 'yan bokon Boston suka shiga taƙaita maganganu zuwa haruffan farko, sannan suka ƙara wa wasan gishiri da ɓata rubutun da gangan, kamar wanda bai yi makaranta ba ne ya rubuta. "All right" ta zama O.W., "no use" ta zama K.Y., "no go" ta zama K.G. Haka "all correct" ta koma "oll korrect". Daɗin wasan shi ne sai wanda ya iya rubutu daidai zai gane inda aka karkace. Duk sauran sun mutu tare da yayin, jaridar kanta ta rufe a 1956, OK kaɗai ta rage. Dalilin ragowarta kuwa ba a Boston yake ba.

Da sassafe muka kama hanya, ni da ɗana, a tsakiyar Oktoba. Babbar hanya ce mai lamba 90, ta ratsa jihar Massachusetts daga gabas zuwa yamma, tafiyar kamar kilomita 240 zuwa inda za mu. Babu shingen karɓar kuɗi, na'ura ce a sama take karanta mota tana cirewa. Muka wuce kusa da Worcester, muka haye kogin Connecticut a wajen Springfield, daga nan hanya ta fara hawan duwatsun Berkshire. Lokacin ne ganye yake juyawa kafin ya zube. Daji gaba ɗaya ya koma ja da ruwan ɗorawa da ruwan goro, tudu bayan tudu, har na daina magana na zuba ido. A wajen Becket akwai allo da ke nuna nan ne ƙololuwar hanyar, ƙafa 1,724.

A hanyar ne na tambaye shi yadda kalmar take a wajen aikinsa, kuma amsar da ya ba ni ta fi duk abin da na karanta. Ya ce, "Kawu, ni da ita nake aiki daga safe har dare. Ba na taɓa majinyaci sai na ce masa is it okay in ɗaga rigarka, is it okay in ɗebi jini. In bai ce oke ba, hannuna ba zai kai jikinsa ba, ko da tsoho ne da ba ya iya ɗaga kai." Ya ce tun a makaranta ake horar da su haka, domin jikin mutum nasa ne, likita ma sai da izini. Na yi shiru ina tuna asibitoci da yawa da na raka 'yan'uwa, inda ake juya mara lafiya ba a ko gaya masa abin da za a yi masa. Wannan ɗabi'a ta burge ni ƙwarai, kuma ba kuɗi take ci ba.

Ya ce akwai kuma wadda ya koyi kiyayewa. Mara lafiya yakan kama hannunsa ya tambaya ko zai zama oke. A nan kalmar ta yi nauyi, tana nufin zan rayu? In bai tabbata ba, ba ya cewa e. Sai ya gaya masa abin da ake yi masa yanzu da wanda za a yi in an jima, ya ce yana nan tare da shi. Ya ce, "Mu a gida sai mu ce Allah ya ba da lafiya, mun faɗi gaskiya kuma mun kwantar da hankali. Su in suka ce za ka zama oke, alkawari ne suka ɗauka."

Muka shiga jihar New York, muka sauka daga babbar hanya muka bi ta lamba 9 kudu. Gonaki ne hagu da dama, da rumfunan da aka jibge kabewa da kwandunan tuffa a bakin titi. Kinderhook ta bayyana ba hayaniya: fararen gidajen katako, wasu na jan bulo, coci, banki, ɗan dandali a tsakiya. Sunan na mutanen Holan ne, ma'anarsa kusurwar yara, domin su suka fara zama a kwarin Hudson kafin Ingilishi su karɓe yankin a 1664. A dandalin akwai mutum-mutumin tagulla na wani gajeren dattijo mai sanƙo da saje, zaune a kan benci, an bar wuri a gefensa don mai son zama. Shi ne Martin Van Buren, shugaban Amurka na takwas.

An haife shi a nan ranar 5 ga Disamba, 1782. Mahaifinsa manomi ne mai masaukin matafiya, kuma harshen Holan ake yi a gidansu. Har yau shi kaɗai ne shugaban Amurka da Turanci ba harshensa na farko ba ne, ya koye shi ne kamar yadda ni da ɗalibaina muka koya. Na daɗe tsaye gaban mutum-mutumin ina juya wannan a raina: kalmar Turanci da ta fi kowace zaga duniya ta ɗaukaka ne da sunan mutumin da ba da Turanci aka yi masa tawai a goye ba.

Ya hau mulki a Maris 1837, kuma cikin Mayu bankunan New York suka daina biyan mutane da zinariya da azurfa. Bankuna suka durƙushe, sana'o'i suka tsaya, talauci ya yi shekaru. Da zaɓen 1840 ya zo, 'yan adawa na jam'iyyar Whig sun riga sun liƙa masa sunan mai rusa ƙasa. Magoya bayansa na Democrat kuwa suna kiransa Old Kinderhook, wato dattijon Kinderhook, sai wani ya lura haruffan farkon laƙabin sun yi daidai da sabon wasan da jaridu suke yayi. A Maris na shekarar aka ji ɗuriyar ƙungiyar O.K. Club a New York. Taken ya yi musu daɗi, don harbi ɗaya ne tsuntsu biyu: ga sunan ɗan takara, ga kuma cewa komai daidai. 'Yan adawa ba su bar musu ba. Suka riƙa juya haruffan suna cewa ma'anarsu aljihu ya bushe, ko bala'i ya sauka, duk da irin karkataccen rubutun nan. Wata jarida ta New York ta ƙaga cewa tsohon shugaba Andrew Jackson, ubangidan Van Buren, shi ya fara sa haruffan a takardu saboda bai iya rubutu ba. Ƙarya ce ta siyasa, amma ta yi sama da shekara ɗari ana maimaita ta. Da masu yabo da masu zagi, kowa ya kwana ya tashi da haruffan nan a baki har shekara ta ƙare. Van Buren ya sha kaye, William Henry Harrison ya samu ƙuri'un wakilai 234 shi kuma 60. Harrison ya yi wata ɗaya kacal a kan mulki ya rasu.

Gidan da Van Buren ya koma bayan faɗuwa zaɓe yana kudu da ƙauyen kaɗan, sunansa Lindenwald. An gina shi a 1797, ya saye shi a 1839, daga baya aka ƙara masa hasumiya irin ta ginin Italiya. Ɗakuna 36 ne, yanzu hukumar kula da wuraren tarihi ta ƙasa ce take riƙe da shi. Wani matashin jami'i mai faffaɗar hula ya zagaya da mu, mu da wasu tsofaffin ma'aurata. Ya nuna mana babban zauren cin abinci da aka manne bangonsa da takardar Faransa mai zanen mafarauta, inda dattijon yake tara 'yan siyasa, da ɗakin da ya rasu a ciki ranar 24 ga Yuli, 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa. Ya kai mu ƙasa inda 'yan matan Ayalan masu aikatau suke girki da wanki. Duk inda zai tashe mu daga ɗaki zuwa ɗaki sai ya tafa hannu sau ɗaya ya ce "okay", mu bi shi.

Abin da ya sa na girmama yaron shi ne bai ɓoye komai ba. Ya ce a gidan da aka haifi Van Buren akwai bayi shida, domin jihar New York ba ta gama 'yanta bayinta ba sai 1827. Ya ce a zamanin mulkinsa ne, a 1838, sojoji suka tasa ƙeyar 'yan ƙabilar Cherokee kimanin 16,000 daga ƙasarsu zuwa yammacin kogin Mississippi, aka kiyasta wajen 4,000 sun mutu. Sannan ya kawo maganar jirgin ruwan Amistad. A Yulin 1839, wata uku da 'yan kwanaki bayan an buga barkwancin nan a Boston, 'yan Afirka 53 da aka sato, yawancinsu 'yan ƙabilar Mende na Saliyo, suka yi tawaye a cikin jirgin a gaɓar Kuba ƙarƙashin Sengbe Pieh. Aka kama jirgin kusa da Long Island, aka tsare su a New Haven. Gwamnatin Van Buren ta so a miƙa su ga Sifaniya, don zaɓe na tafe kuma tana bukatar ƙuri'un masu bayi na kudu. Kotun ƙoli ce ta 'yanta su a Maris 1841, bayan tsohon shugaba John Quincy Adams ya tsaya musu, kuma 35 da suka rage suka isa Saliyo a farkon 1842. Daga baya, a 1848, Van Buren ya sake takara a jam'iyyar da take adawa da faɗaɗa bauta zuwa sababbin yankuna. Na ji wannan, na kuma ba shi ladansa. Amma a lokacin da iko yake hannunsa, da mutanen nan suke jiran hukunci, lissafin ƙuri'a ya yi. Na fito daga gidan zuciyata ba daɗi, kuma taken nan na komai daidai ya yi mini ɗaci a baki.

Muka tsaya a maƙabartar cocin ƙauyen muka ga dogon dutsen da aka kafa a kabarinsa. Akwai wata maƙabartar dabam a gefen filin wasan yara, inda aka binne baƙaƙen fatar garin, bayi da 'yantattu, duwatsu kaɗan ne suka rage a tsaye. Can muka fi daɗewa.

A wajen cin abincin rana gardama ta tashi tsakanina da ɗana. Ya ce shi dai ya ji daga Afirka kalmar ta zo, bayi suka kawo ta, Turawa suka ƙwace kamar yadda suka saba. Maganar tana da tushe. Wajen 1970 wani masanin harsunan Afirka ta Yamma a London, David Dalby, ya nuna cewa a Wolof ana cewa "waw kay", e ƙwarai, a Mandinka ma akwai mai kama da ita, kuma akwai rubuce-rubucen Turawan zamanin bauta da suka ji bayi suna faɗin wani abu mai wannan amo. Ba su kaɗai suke da'awa ba. Ƙabilar Choctaw suna da "okeh", haka ne, har shugaba Woodrow Wilson da wannan rubutun yake amincewa da takardu don ya yarda daga wajensu ta fito. Girkawa sun ce "ola kala" ce tasu, 'yan Sikotlan sun ce "och aye", wasu sun ce sunan tashar ruwan Aux Cayes ce ta Haiti.

Na ce masa, "Ɗana, ni ma zan so a ce tamu ce, musamman bayan inda muka fito yanzu. Amma so dabam, hujja dabam." Allen Walker Read, malami a Jami'ar Columbia, ya yi shekaru yana tonon tsofaffin jaridu, ya buga sakamakon a mujallar American Speech a 1963 da 1964. Abin da ya kawo sarƙa ce mai kwanan wata: ga yayin haruffa a 1838, ga bugun farko da fassararsa a 1839, ga yadda jaridun wasu birane suka ɗauka, ga zaɓen 1840. Sauran da'awowin kamannin sauti suke da shi, ba su da sarƙar. Mai yiwuwa ne kunnuwan da suka saba da "waw kay" ko "okeh" sun karɓi sabuwar kalmar da sauri, wannan ban musa ba. Amma abin da Afirka ta ba Amurka, daga noman shinkafar Carolina har kiɗan da duniya take rawa da shi, ya fi ƙarfin a ce sai mun jingina da abin da ba mu iya tabbatarwa. Bai gamsu duka ba. Ya ce "okay, Kawu" da irin muryar da na riga na san fassararta.

Zaɓe ya ba kalmar suna, amma aiki ne ya raya ta. A 1844 Samuel Morse ya aika saƙon tangarahu na farko daga Washington zuwa Baltimore, kuma da wayoyi suka bi layin dogo, ma'aikata suka bukaci gajeriyar alamar cewa saƙo ya iso lafiya. Haruffa biyu sun fi jimla sauƙin bugawa. Akawu ya samu abin da zai sa a gefen lissafin da ya duba. Ga ta da sauƙin faɗa, kusan babu harshen da ba shi da o da k da e, shi ya sa Bahaushe da Bajapane da Balarabe duk ba sa tuntuɓe a kanta. Ranar 20 ga Yuli, 1969, da kumbon Apollo 11 ya dira a kan wata, tana cikin kalmomin farko da Buzz Aldrin ya furta yana tabbatar da an kashe inji. Yau kuma duk mai waya yana danna ta sau da yawa a yini, ko ya iya Turanci ko bai iya ba. A duk waɗannan wurare aikinta ɗaya: na ji, ya isa, a ci gaba. Ba ta bukatar ka so abin, ba ta bukatar ka yaba.

Mu ma muna da mai yin wannan aiki, wato "to", wadda ita ma murya ce take juya ta daga amincewa zuwa gargaɗi zuwa mamaki. Bambancin da na gani shi ne "to" tana karɓar rakiya: to Baba, to madalla, to Allah ya kai mu. OK kuwa ita kaɗai take tafiya. Shi ya sa in uba ya rubuto wa ɗansa doguwar nasiha a WhatsApp, ɗan ya mayar da haruffa biyu, sai uban ya ji kamar an rufe masa ƙofa, alhali yaron cewa yake ya ji. Ɗana ya ce ko a Amurka haka ne, wanda ya aiko maka da k ita kaɗai, to fushi yake da kai.

Magariba ta riske mu a hanyar komowa, muka ratse a wurin hutawar matafiya na Lee, inda ake shan mai da sayen abinci. Muka yi alwala a ciki, muka fito bayan wurin ajiye motoci muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa. Sanyi ya fara sauka. Ɗana ya ce in fara, shi zai tsaya wajen mota ya amsa kiran asibiti. Ina cikin sujada na ji takun mutum da sauri, da wata kakkaurar murya a kaina: "Sir, are you okay?" Wani direban babbar mota ne, ƙato, ya hango tsoho kife a ƙasa cikin duhu ya ɗauka faɗuwa na yi, har ya ciro waya zai kira motar asibiti. Ɗana ya rugo ya gaya masa salla nake yi. Mutumin ya ja da baya ya ce, "Oh, okay," ya cire hularsa, ya tsaya nesa kaɗan har na sallame. Sannan ya matso yana ba da haƙuri cewa ya katse mini ibada. Na miƙa masa hannu na ce, "It's okay," na ƙara da gode masa, don abin da ya yi ya wuce a ce ba laifi kawai. Ya ce mahaifinsa ya taɓa yanke jiki ya faɗi a irin wannan wuri, mutane suna wucewa. Katako ya ɗauko, mu kuma Boston muka nufa, da sauran tafiyar awa biyu a gabanmu.